Birkin da Na Taka Don Kunyar Suruki

Godiya ga Allah da ya bar ni da ƙafa biyu, ko da yake ɗaya ta ɗan fi 'yar'uwarta tsawo. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari, samarin nan ne masu kabu-kabu, 'yan haya da babur ɗin da muke ce wa moto, a tashar Filinge. Kullum suna wuce ni a guje, hannu ɗaya a kan moto, ɗaya a sama, suna cewa "Baba Hamidu, ina kwana". Ina amsawa, amma gabana faɗuwa yake yi, don ni gaisuwa ce ta karya ni.

A shekarun fari na farko, muna da shekara goma sha wani abu da samun mulkin kai, ina aikin allurar dabbobi a ƙasar Kurfai. Sarwis, wato ma'aikatarmu, ya ba ni moto ja don zagaya rugage. Wani makanike ya koya mini ita a yini ɗaya a filin lakwal, makarantar boko: ga yadda ake tada ta, ga yadda ake sa bitas, wato giya, ga birki. Shi ke nan karatun. Ba wanda ya ce mini hanya tana da baya kamar yadda take da gaba. Madubin da ke jikinta na karkato shi yana kallon fuskata, don in ga zaman hulata. Hular kwanon da suka haɗo mini da ita, wadda muke ce wa kas, na ɗaure ta a baya da igiya, saboda zafi, kuma saboda mata a bakin rijiya sun ce na yi kama da tulu. Haka na yi wata takwas ina yawo, ina yi wa shanu allura alhali ciwonsu yunwa ce.

Matata Dije tana gidansu a lokacin, wani ƙauye gabas da Filinge, ta yi haihuwar fari, tana wankan jego. Mahaifinta ba zan rubuta sunansa ba, har yau bakina bai iya shi ba, balle hannuna. Baba nake ce masa. Shekara uku da aurenmu, ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba. Na san ƙafafunsa, na san farcen babban yatsansa na hagu a tsage yake, na san bakin rigarsa. A wajenmu in ka gamu da surukinka kana kan jaki, sauka kake yi, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, idonka a ƙasa. Ba ka cin abinci a gabansa, ko ruwa ba ka sha. Ba wanda yake koya maka wannan da baki, jiki ne yake tashi da shi.

Ranar kasuwar Baleyara aka aike ni duba dabbobin da ake lodi zuwa kudu. Wanda ya san Baleyara ran kasuwa ya san hanyar nan da ta ratsa gari: amalanken jakuna, raƙuma da kayan kanwa, mata da ƙwarya a ka, awaki suna tsallakawa ba sallama, motoci suna hon. A shekarar kuwa kowa ya kawo abin da ya rage masa kafin ya mutu a hannunsa. Tun daga bakin gari akwai wata babbar kamiyo, motar ɗaukar kaya, a bayana, cike da jar dawar taimako. Ina jin gurnaninta, amma ban sa ta a lissafi ba.

Sai na hango Baba a hannun dama, a tsaye, riƙe da igiyar wata saniya fara. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Ƙafata ta danna birki har ƙasa, kaina ya sunkuya, ɗaya ƙafar ta fara neman zare takalmi. A tsakiyar hanya, a gaban kamiyo mai lodi. Ina so in wanke direban nan a rubuce, tunda ban samu na wanke shi a gaban jandarma yadda ya kamata ba. Bawan Allah ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kauce har ya hau tarin tabarmin wata mata, amma mota mai kaya ba ta tsayawa inda jaki yake tsayawa. Laifina ne ni kaɗai.

Ban ji zafi ba da farko. Na ga sama fara fat, na ji wani abu yana zuba a kan tankin moto, tas, tas, tas, kamar ruwan farko a kan rufin kwano. Na ce a raina, alhamdu lillahi, damina ta sauka, bari in kwanta a nan in jiƙe. Ashe buhu ne ya fashe, dawa ce take zuba. Ina cikin wannan daɗi na ji hannu a ƙarƙashin wuyana, da wata murya da na sani daga nesa kawai tana cewa, "Ku ɗaga a hankali. Ɗana na."

A disfansar Baleyara, ƙaramin asibitin garin, anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, ya ɗaure ƙafar da katako biyu, ya ɗinke mini kai, ya ce wannan sai Yamai. Baba ya sayar da saniyar a tsaye, a kuɗin da mai saye ya ga dama, muka shiga bayan wata mota tare da tumaki. Na tuna wani rago ya ɗora haɓarsa a kan cikina har muka isa, ni kuma ina ta ba shi haƙuri, don na ɗauka wani babban mutum ne.

Kwanakin farko a barandar asibiti muka yi su. Kwana biyu a kan tabarma kafin gado ya samu, layin hoton ƙashi tun hantsi har la'asar, sai a ce injin ya yi zafi, a dawo gobe. Da hoton ya fito aka lissafa mini ɓarnar da na yi: ƙaurin dama ya karye har ƙashi ya huda fata, hannun dama ya karye, tafin hagu ya saɓule. Aka sa wa hannun filasta, aka naɗe ɗayan da bandeji, aka rataya wa ƙafar buhun yashi ta kan wani ƙarfe don ya riƙa jan ta. Na zama mutumin da ba ya iya korar ƙuda daga hancinsa. Ma'aikatan suna da kirki daidai gwargwado, sai dai su biyu ne a kan ɗaki mai gado ya fi ashirin. Wanka, ciyarwa, juya majinyaci, sayen magani a farmasi, duk aikin ɗan'uwanka ne.

Ni kuwa ɗan'uwa ya yi wuya. Mahaifina ya rasu, yayana yana Kumasi tun da fari ya fara, mahaifiyata ido ya tafi, Dije kwananta tara da haihuwa. Na zaci Baba zai damƙa ni ga wani ya koma. Sai na ga ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa daidai ƙafar gadona, ya rataye gafakarsa, ya ajiye buta.

Allah ya taimake mu da maƙwabcin gado, wani Bazabarme mai suna Sumana, masunci, wanda ƙugunsa ya goce ya kusa warkewa. Mutum ne mai baki, ba ya iya ganin shiru ya ƙyale. Shi ya zama mana tafinta, alhali ni da Baba harshenmu ɗaya, tsakaninmu kuma bai fi kamu biyu ba.

Baba zai dubi bango ya ce, "Malam, tambaye shi ko shina son ruwa."

Sumana ya juyo. "Tsoho ya ce kana son ruwa?"

"Ka ce masa na gode."

"Ya ce ya gode. Ni dai ban sani ba ko gode na so ne ko gode na ƙi. Ku mutanen Kurfai sai Allah."

In lokacin abinci ya yi, Baba sai ya ajiye kwanon ya tuna yana da wata buƙata a waje. Sumana ya jawo ƙugunsa ya zauna a bakin gadona, yana ba ni kunu da cokali yana zagina. Wannan ya yi sauƙi. Abin da bai yi sauƙi ba shi ne ɗayan al'amarin. Akwai wata tasa da ake turawa ƙarƙashin wanda ba ya iya tashi, fo suke ce mata. Sumana ba ya iya ɗaga ni, ma'aikata ba su da lokaci. Rana ta huɗu na riƙe har gumi ya jiƙa katifa, Sumana ya gane, ya faɗa da ƙarfi duk ɗakin ya ji. Baba ya tashi ya zo. Ya yafa mini zane, ya ɗaga ni, ya jira yana kallon taga, ya share ni da ruwan ɗumi, ya ɗauki tasar ya fita da ita a gaban mutane. Mahaifin matata, mai furfura. Na rufe ido na roƙi Allah ya ɗauki raina kafin ya dawo, kuma da gaske nake.

A ranar na yanke wata shawara ta wauta wadda na ɗauka dabara ce. Na ce abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Na fara rage ci. Cokali biyar, sai in ce na ƙoshi. Daga baya uku.

Mako na biyu da na uku baƙi suka fara zuwa. Shugabana na sarwis ya zo da direbansa, tambayarsa ta farko ita ce ina moto take, kuma wa ya ɗauki kas ɗin. Ya bar mini gwangwanin madara biyu, na gode masa a kan madarar. Gwaggona ta aiko da laya da man shanu da saƙon a ɗauke ni a kai wa wani maɗori a Bonkuku, wai yana tofa wa kara ya ɗaure, ƙashi ya haɗu daga nesa. Wani ɗan garinmu da ke gadi a Yamai ya ce Nasara da 'ya'yansu yanke ƙafa ne sana'arsu, mu gudu tun da wuri. Wata tsohuwa mai jinyar ɗanta ta ce a shafa zuma, wani ya ce toka. Baba yakan saurari kowa har ƙarshe ya ce "To, madalla", ya tura abin ƙarƙashin buzu. Rubutu kaɗai yake ba ni, shi ma ta hannun Sumana.

Kullum da hantsi yakan tattara tsummokaran da na ɓata ya tafi kogin Isa ya wanke. In ya dawo, ƙamshin ruwa ne yake riga shi shigowa, ɗanyen ƙamshi na laka da ciyawa wanda na yi shekara biyu ban ji ba. Sai ya zauna yana ba Sumana labari, muryarsa ƙasa-ƙasa, ni ma ina saurare ido rufe.

"Malam, ruwa na tahiya shi kaɗai, ba mai ɗiba, ba mai tsaro. Na tsaya ina kallo har na manta da wanki. Da shanuna sun ga wanga, da sun ce mutuwa sunka yi."

Daga nan ni kuma sai in tafi. Buhun yashin nan yana lilo a hankali a ƙarshen gado, ina bin sa da ido, sai in ga kwarin Filinge ya cika da ruwa har gindin duwatsu, gawo da goriba a tsaye cikinsa, shanun da na yi wa allura suka mutu duk sun tashi suna iyo, ƙahoni kawai ake gani. Wani lokaci in ga ina kan moto a bisa ruwan, ba ƙara, ba ƙura, Dije a bayana da jaririn da ban gani ba tukuna. In na juya don in ga fuskarsa sai buhun yashi ya dawo. Na fi son can da nan, kuma yunwa tana sa zuwa can ya yi sauƙi.

A mako na huɗu aka sallami Sumana. Ya ɗaure kayansa, ya jira Baba ya tafi kogi, ya sunkuyo kaina.

"Kai, na gane abin da kake yi. Tun yaushe rabonka da fo? Kwana shida. Ni masunci ne, na san abin da ba ya ci ba ya daɗewa. Tsohon nan bai ƙi wahalarka ba, gawarka ce zai ƙi kaiwa gida."

Na ce masa ciki ne ba ya karɓa. Ya yi tsaki, ya yi mini addu'a da Zabarmanci, ya tafi yana ɗingishi. Aka kawo wani Buzu a gadonsa wanda ba ya jin Hausa, ba ya ma jin kowa.

Tafinta ya tafi, sai shiru ya zauna tsakaninmu. Baba ya ɗauki cokali da kansa. Yakan tsaya a gefen gado, fuskarsa a taga, ya miƙo hannu. Ni kuma in juya wa bango in ce, "An ƙoshi." Ya jira, ya jira, ya mayar da cokalin cikin kwano. Ruwa kaɗai nake kurɓa in wata ma'aikaciya ta zo wucewa. Zazzaɓi ya shigo, ciwon ƙafar ya fara wari, irin warin da masu gado kusa suke ja zane su rufe hanci. Ni ban damu ba. Yawancin yini ina can wajen shanuna masu iyo.

Mako na biyar likita ya tsaya a kaina fiye da yadda ya saba. Saurayi ne ɗan ƙasa, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, mai saurin magana. Ya buɗe ciwon, ya danna gefensa, ya ja fatar hannuna ya ga ta tsaya ba ta koma ba. Ya yi magana da Faransanci da majo, babban anfirmiyen ɗakin, ya manta ni ma na yi lakwal. Kalma ɗaya ta maƙale mini, har yau in na ji ta sai ƙafar ta yi tsam: amputasiyo. Majo ya fassara wa Baba. Ciwon ya ƙi rufewa, naman ba ya tsirowa, jikin ba shi da abin da zai yi gini da shi. Kwana goma za su ba shi. In bai juya ba, za a yanke daga ƙasan gwiwa kafin ruɓar ta hau sama.

Sannan majo ya juya kan Baba, a gaban kowa. "Tsoho, kai wane irin mai jinya ne? Abincin da ake ba shi kai kake cinyewa? Dubi yaron mutane ya zama kara."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Majo. Laihina na." Ina kwance ina ji, ban buɗe baki na wanke shi ba. Cikin duk abin da na yi a jinyar nan, wannan ne ban yafe wa kaina ba.

Bayan azahar ya dawo daga masallacin asibiti tare da wasu dattawa biyu da ban sani ba. Ya tsayar da su a ƙafar gado. Ya ajiye wani kwano a rufe. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba.

"Hamidu."

Sunana, a bakinsa, kai tsaye. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa.

"Hamidu, ga shaidu biyu na kawo. Ina so ka saki Dije."

Dije 'yar farinsa ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai "yarinyar nan". Yau ga shi ya faɗe shi a gaban baƙi. Na ce, ina kallon bango, "Baba, me ta yi? Me na yi?"

"Ba ta yi komi ba. Kai ma ba ka yi ba. Na san abin da ya hana ka ci, tun ran da ka hwara na sani. Kunyata ta karya ka a Baleyara, yanzu kuma za ta yanke ma ƙahwa. To ni ban iya ɗaukar wanga. Saki guda. In ka sake ta, ni ba surukinka ba na, wani tsoho na da ka tsinta a asibiti. Tsohon banza ka iya ci a hannunai, ka iya ba shi fo. In ka warke, ka ga dama, ka maida matakka. In ba ka ga dama ba, ni dai na maida ka gida da ƙahwa biyu."

Na ga Dije a ranar da aka kawo ta, na ga jaririn da ban san fuskarsa ba, na ga za a je a ce mata mijinki ya aiko da saki daga gadon asibiti, tana cikin jego, ba ta san dalili ba. Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

"To ɗayan biyu na. Ko ka buɗe baki ka sake ta, ko ka buɗe baki ka ci."

Ya buɗe kwanon. Hanta ce gasasshiya an yanka ƙanana, da kunun gero mai kauri. A shekarar nan, a Yamai, ban san abin da ya rabu da shi ya samo su ba. Ya ɗauki yanka ɗaya da yatsunsa, bai nemi cokali ba, bai juya wa taga ba. Na buɗe baki. Ina tauna hawaye suna shiga kunnuwana, yana share su da bakin rigarsa yana ƙara wani. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara murya ya ce wa ɗan'uwansa, "Malam, mu tafi. Ni dai tun da nake ba a taɓa kira na shaidar cin hanta ba."

A ranar na ga fuskarsa. Doguwa ce, ido ɗaya ya fara yana, akwai gurbin haƙori a sama. Fuska ce mai saurin murmushi, abin da ban taɓa zato ba, kuma hancin Dije ne sak.

Daga nan jinya ta zama aiki. Ina ci sau huɗu, ina neman fo da bakina, yana kawowa yana tsokanata wai na fi ɗan maraƙi ɓarna. Muka yi hira irin wadda ban yi da mahaifina ba. Ya gaya mini sunayen shanunsa da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, da halin kowace. Ya aika gida aka sayar da saniya ta biyu. Wata rana na lura babbar rigarsa ba ta kan ƙusa, ya ce ya ba wanki. In na ce ya ci tare da ni sai ya ce ya riga ya ci a bakin kogi, wajen masunta. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Kwana goma suka cika, likita ya buɗe ciwon ya daɗe yana kallo. Gefen ya yi ja, warin ya ragu. Ya ce a ƙara mako. Da makon ya cika ya buga mini kafaɗa ya ce "Sa ba", wato lafiya lau da Faransanci, ya wuce gado na gaba. Majo ya tsaya ya ba Baba hannu biyu, ya nemi gafara, ni kuma na faɗa wa majo gaskiyar wanda ya ƙi cin abinci. Wata uku da 'yan kwanaki muka yi. Ƙafar ta haɗu, ta gajarta da yatsa biyu. A barandar da muka fara kwana na koyi tafiya, hannuna a wuyan Baba, yana ƙirga mini taku.

Ku masu moto, ga abin da na saya da tsada, ku karɓa kyauta. Kafin ka taɓa birki, ka san abin da ke bayanka. Madubi na hanya ne, ka daidaita shi ya nuna maka ita. In babbar mota tana bin ka, kauce ka ba ta wuri ta wuce, kada ka zauna a gaban hancinta. In za ka tsaya, nuna da hannu tun da nisa, rage gudu kaɗan-kaɗan, sauka gefe sosai, sannan ka gaida wanda za ka gaida, ka durƙusa har ƙasa in ka so. Ran kasuwa ka ɗauka kowace akuya za ta tsallaka, kowane mai amalanke bai gan ka ba. Kas a kai ake sa shi, a ɗaure igiyarsa, mata su yi ta dariya. Ba dattijon da zai ji haushi don ka wuce shi da taku ashirin kafin ka tsaya. Da na san haka, da saniya biyu da riga ɗaya sun zauna a gidansu.

Da muka sauka a tashar Filinge, mutane sun taru tarye. Baba ya zare hannuna daga wuyansa, ya miƙa ni ga wani abokina, ya ja da baya. Ya dubi gefe ya ce, "Mun iso gida." Na gane. Idona ya koma ƙasa da kansa, kan farcen nan mai tsagewa. Daga ranar ba mu sake magana kai tsaye ba. In na je gidansu in tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa, shi kuma ya amsa yana kallon danga. Na yi ta shirya kalmomin godiya, ina cewa sai ran da muka kaɗaita, ran nan kuwa ba ta zo ba. Wannan ita ce ƙarata, kuma ban san wanda zan kai wa ita ba.

Damina ta sauka a shekarar, ya yi shuka da irin aro, amma tari ya kama shi bai sake shi ba. Surukata ta gaya wa Dije cewa ran da ya dawo daga Yamai ya tuɓe riga, sai da ta juya baya ta yi kuka, don ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Masuntan bakin kogi ba su taɓa ciyar da kowa ba. Ya rasu gero yana fitar da kai, bai ci sabo ba.

Daga gidansu zuwa maƙabarta akwai 'yar tafiya, cikin yashi. Na kama kusurwar makara ta gaba, hannun dama. Saboda gajeriyar ƙafar, duk taku sai makarar ta karkato wajena ta koma, ta karkato ta koma. Mutane suna karɓar juna kamar yadda aka saba, ni ban saki ba. Ƙanen Dije ya matso ya ce a hankali, "Yaya, kawo in karɓe ka, ƙahwakka." Na ce masa ya bari, ƙafar Baba ce, ita za ta kai shi.